Kiyashi a Ƙarƙashin Mayafi

Saƙon ya shigo ina tsaka da matsa furanni a kan kek ɗin wata mata, hannuna duk sukari. Da ƙaramin yatsa na buɗe wayar.

"Ina son ki gaya mini gaskiya. Waye yake kiranki a ɗaya wayar?"

'Yan'uwa masu karatu, ku shaida, ni waya ɗaya gare ni, ita ma gilashinta a tsage yake ta kusurwa. Amma na san abin da saurayina Dogo yake nufi. Hannuna ya goce, furen da nake yi ya koma kabeji.

Ga waɗanda yau suka fara bina, bari in ɗan koma baya. Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake ce mini, har maigidan shagon kek ɗin da nake wa aiki. Bara na zame a kan tayil ɗin shagon ina ɗauke da tire, na zauna daɓas a ƙasa. Kek ɗin ko ƙwarzane bai yi ba, ni ce na tashi da tsaraba. Tun daga ranar wata jijiya ta kama ni daga ƙugu, ta bi ta bayan cinyata ta hagu, ta sauka har babban yatsa. Wata rana ta yi lamo kamar ba ta nan. Wata rana kuma ji nake kamar an zura mini zare mai zafi ana ja. Tsayuwa ta daɗe, ta motsa. Zama ya daɗe, ta motsa. Na sha ƙwayoyi har cikina ya fara ƙorafi, sai aka tura ni wajen likitar gashin ƙashi.

Goggo ce ta raka ni. Yayar Baba ce, a gidanmu take zaune tun rasuwar mijinta, kuma a gidanmu ko labule ba a canzawa sai ta sa baki.

Likitar ta fito da wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce ƙaramar wayar hannu ba, da gilashi da madannai a gaba, da wasu siraran igiyoyi masu faci a baki. Ta manna mini facin a ƙugu, ta danna. Sai na ji kamar kiyashi sun yi layi suna yawo a ƙarƙashin fatata. Ba zafi, sai dai wani irin tsir-tsir. Can kuma na lura zaren nan mai zafi ya sassauta.

"Wutar lantarki kike saka mata?" in ji Goggo, ta riga ta ja kujerarta baya.

"'Yar kaɗan ce, Mama, ta batir," in ji likitar. "Ki ɗauka jijiya layin waya ce. Ciwo yana ta kiran ƙwaƙwalwa. Idan wannan ta hau layin, in ya kira sai ya tarar ana magana. Ba warkarwa take ba, sauƙi take kawowa, kuma ba kowa take karɓa ba. Ita dai da alama ta karɓe ta."

Sannan ta karanto mana dokoki. Ba a sa ta a maƙogwaro. Ba a sa ta a kai ko a ƙirji. Ba a shiga wanka da ita. Mai ciki ba ta sawa sai da izinin likita.

Goggo ta harare ta. "Budurwa ce."

"Na sani, Mama, doka nake faɗa. Babbar kuma ita ce wannan: duk wanda aka dasa wa batirin zuciya a ƙirji, kada ku kuskura ku manna masa ita, ko da wasa."

"Mu zuciyoyinmu da kansu suke aiki," in ji Goggo.

Kafin mu iso gida na'urar ta samu suna, Kiyashi. Kafin mu cire takalma kuma Goggo ta kafa tata dokar, wadda ta fi ta likita tsauri: ba wanda zai ji labarin ciwon nan a waje, balle na na'urar.

"Wa zai ɗauki yarinyar da sai an jona ta?" ta ce da Umma. "Kin manta mai shagon tayan nan?"

Umma ba ta manta ba, ni ma haka. Mutumin ya yi ta sintiri a ƙofar gidanmu har maƙwabta suka haddace ƙarar motarsa. Ranar da ya ga ina ɗingishi, na gaya masa dalili, ya ce Allah ya sawwaƙe da murya mai taushi. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Ba son sa nake sosai ba, amma abin ya yi mini ciwo, don na gane a idon wasu ƙafar nan ta fi ni girma. Shi ya sa da Goggo ta ce a yi shiru, ban yi gardama ba.

Abin da zai ba ku dariya, wannan abin kunyar da ake ɓoyewa, cikin ɗan lokaci ya zama ɗan gatan gida. Goggo ce ta fara. Na dawo aiki na tarar da ita a ɗakina ta miƙe ƙafa, faci a gwiwa, ido a lumshe.

"Dubawa nake ko tana da illa," ta ce, ba ta ko buɗe ido ba.

Sai Umma da kafaɗarta. Sai Baba, wanda ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota, bayansa ya ƙage. Baba shi ne matsalata. Na farko, bayansa gashi ne, duk facin da ya ziyarce shi sai ya dawo kamar an goge kyanwa da shi. Na biyu, shi bai yarda da tsir-tsir ba. Akwai wani salo a na'urar mai bugawa dum, dum, har tsoka ta riƙa tsalle, shi yake so. Wai in bai ji ana dukansa ba, ba a fara aiki ba. Na gaya musu likita ni ta rubuta wa, kowa ya je a duba nasa. Suka ce to, suka ci gaba da bin layi.

Ana cikin haka Dogo ya shigo rayuwata. Ya zo sayen kek na ɗalibansa da suka gama makaranta, ya tsaya yana kallon yadda nake jan layi da sukari, ya ce hannuna ya fi na rabin ajinsa saiti. Malamin zane ne a makarantar koyon sana'a. Da can walda yake yi, har yana da shagonsa, sai rana ɗaya ya sayar da injin ya koma allo. Na tambaye shi dalili, ya ce tartsatsi ne ya ishe shi. Dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar falonmu, magana a hankali, dariya ba sauti. Yana da 'yan halaye da na lura da su. Komai zafi, rigarsa a rufe take ruf har wuya. Bai taɓa sa waya a aljihun gaba ba. Kuma lokaci-lokaci sai ya ɓace yini guda, in na tambaya ya ce, "Na je duba wani abu ne." Na sa wannan "wani abu" a raina, na ce mace ce, na ba ta kamanni har da hasken fata, amma ban ce komai ba. Mai ɓoye na'ura a ƙugu ba ta da bakin tuhuma.

Ina son sa. Na faɗa muku ƙarara, don ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

To, kujerun falonmu irin na dā ne, masu hannun katako, katifarsu ta daɗe da sallama. In na zauna a kai, jijiyar nan ba ta ba ni lokaci. Don haka duk ranar da Dogo zai zo, sai in manna faci, in saƙala Kiyashi a ƙugun siket ta ciki, in saki doguwar riga a kai, in yafa babban mayafi. Muna hira, in ciwon ya taso, sai hannuna ya sulale ƙarƙashin mayafi in ɗan ƙara. In ya yi yawa, hannu ya sake sulalewa in rage. Wani lokaci sai na ɗan leƙa in ga gilashin, haskensa ya haska mini haɓa. Ga shi kuma in lokacinta ya cika, sai ta yi ƙara, ɗit, ɗit.

Ranar farko na ce agogon kicin ne. Rana ta biyu ya ce, "Agogon kicin ɗinku yana bin ki falo ne?" Na yi dariya, shi bai yi ba. Rana ta uku yana ba ni labarin rasuwar mahaifinsa, idonsa ya kawo ruwa, ni kuma a daidai lokacin zaren ya ja, hannuna ya tafi ƙarƙashin mayafi, na danna, sauƙi ya zo, na saki ajiyar zuciya har da ɗan murmushi. Ya dube ni, ya dubi mayafin, ya ce yamma ta yi, bari ya tafi.

Ku sa kanku a matsayinsa. Me za ku ce?

Shi ne yau ya turo wannan saƙo. Na goge hannu na rubuta, "Wallahi waya ɗaya gare ni."

"Na ga haskenta. Na ji ƙararta."

"Ba abin da kake zato ba ne."

"To mene ne?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Yana can yana ganin alamar ina rubutu, ba abin da ya iso.

"Zan zo da yamma," ya turo. "In akwai wani, ki faɗa mini a fuskata, zan yi miki fatan alheri. In kuma ba za ki iya faɗar komai ba, na gane amsar."

Ko ɗan hoton zuciyar da yake sawa a ƙarshe babu.

Na isa gida ƙafa tana ja, rai yana ja. Na samu Umma da Goggo a kicin, na ajiye musu wayar a kan tebur.

"Yau zan gaya masa," na ce.

Goggo ta karanta da tabaronta a karan hanci. "Kishi yake. Kishi alama ce mai kyau. Namiji yana yafe wani saurayi a waya, ba ya yafe ciwo a ƙafa."

"Goggo, cewa yake ina yaudararsa."

"To sai ki daina taɓa abin a gabansa."

"Sai in ajiye ta ke nan, in zauna ina gumi?"

Umma ta dube ni da tausayi. Ta san yau tun safe nake tsaye. "Yaya, ko dai a bar ta ta faɗa? Yaron nan yana da hankali."

"Mai taya ma da hankalinsa," in ji Goggo. "Ku bar ni da ita. A ɗaura aure tukuna, in ya so ya tarar da injin niƙa ma a ƙugunta."

Dabarar Goggo ita ce a mayar da Kiyashi baya, inda hannuna ba zai kai ba. Ta tsayar da ni gaban madubi. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, wadda Dogo ya taɓa cewa ta yi mini kyau. Goggo ta manna facin da kanta, ta kunna a ƙasa-ƙasa, ta ɗora na'urar a tsakiyar bayana, ta kawo wani faffaɗan ɗankwalinta ta naɗe ni da shi ta ciki, ta ja har numfashina ya rabu biyu. Ta lulluɓe wajen ƙarar da auduga. Ta fesa mini turare kamar mai kashe sauro.

"Hannuwanki a kan cinya," ta ce. "Ya ga babu waya, babu haske. Ki yi murmushi, ki ce shaiɗan ne ya raya masa."

Na ji bugun ya ɗan bambanta da nawa, amma a ƙasa yake sosai, ga hankalina ba ya jikina. Ban tuna cewa Baba ne ya yi amfani da ita da rana ba. Goggo kuma ba ta san akwai madannin kulle ba, balle ta kulle.

Dogo ya zo da farar riga, a rufe har wuya kamar kullum, fuska ba walwala. Ya gaishe da Goggo har ƙasa. Ta ajiye tiren shayi da biskit a kan ƙaramin teburin gilashi da ke tsakaninmu, ta koma kujerar bakin ƙofa da ƙwaryar zarenta, wai saƙa take.

Na zauna a bakin kujera, hannuwa a cinya, kamar mai ɗaukar hoton katin shaida.

"Auta," ya fara, "ni ba mai yawan magana ba ne. Abu ɗaya nake nema a wajen wadda zan zauna da ita."

Na gyaɗa kai. Na ɗan jingina don in nuna hankalina kwance yake. Bayana ya taɓa katakon kujera, sai na ji dum.

"Gaskiya," ya ce. "Ko mai ɗaci ce."

Na gyara zama. Katakon ya sake danna wani abu. Dum. Dum. Tsokar cinyata ta amsa.

"Ban ce ba ki da 'yancin zaɓe ba."

Na yi sauri na tashi daga jinginar, amma aikin gama ya gama, salon Baba ya kama hanya. Na kai hannu baya, Goggo ta yi gyaran murya. Na mayar da hannu cinya. Ƙafata ta hagu ta ɗaga da kanta ta sauka.

Dogo ya dubi ƙafar. "Sauri kike in gama?"

"A'a. Ci gaba. Ina jin ka."

"In wani ne ya riga ni..."

Na danne gwiwar da hannu biyu. Na yi murmushin da Goggo ta ce, amma na san abin da ya fito a fuskata ba murmushi ba ne. Na matsa baya don in danne na'urar ko za ta mutu, ashe madannin ƙari na sake hawa. Ƙafar ta ƙwace daga hannuna ta harbi teburin. Kofuna suka yi tsalle, shayi ya malale, biskit ɗaya ya gangara har gaban Goggo.

Falon ya yi tsit, ban da cokalin da yake ta juyi a kan gilashi.

"In kora ta kike," in ji Dogo a hankali, "ba sai kin fasa tebur ba."

Ya miƙe. Na ga ya ɗauki makullinsa, na ga bayansa ya nufi ƙofa, na san in ya sunkuya ya fita ta ƙofar nan ba zai sake sunkuyowa ya shigo ba. Tsoron da na ji a lokacin ya fi tsoron Goggo.

"Tsaya," na ce.

Na miƙe, na zura hannu ta bayan mayafi, na kama bakin ɗankwalin Goggo ta saman riga na fizge ƙullin. Kiyashi ta sulalo ta ƙarƙashin rigata, ta tsaya tana lilo a kan igiyoyinta daidai idon sawuna, gilashinta yana haske, auduga a manne a gefe. Na sunkuya na kashe ta.

"Ga ɗaya wayar," na ce.

"Tawa ce," in ji Goggo da sauri. "Ta gwiwata ce. Ajiya na ba ta."

"A cikin riga, Goggo?" in ji Dogo.

Kafin ta samo amsa labule ya ɗaga, Baba ya shigo da singileti, hannu ɗaya a ƙugu. "Wai wa ya ɗauke Kiyashi ne? Na bar ta a kan... Au, baƙo gare mu." Ya dubi abin da ke lilo a ƙafata. "Yauwa, ga ta. In kin gama, Auta. Ai ke ce mai ita, mu 'yan aro ne."

Goggo ta rufe ido.

Na zauna na gaya masa komai. Tayil ɗin shago, zaren mai zafi, ƙwayoyi, likita, layin da ciwo yake kira ya tarar ana magana. Na gaya masa ba a ce zan warke gobe ba, kuma ba a ce ba zan warke ba. Na gaya masa akwai ranakun da ba na iya sunkuyawa in ɗaura takalmi. Har labarin mai taya na ba shi. Na kai ƙarshe ban rage komai ba.

Idonsa yana kan na'urar, fuskarsa ta canza, ban iya karanta ta ba. Shirun ya yi mini yawa, sai na shiga surutu. Na juya na ɓamɓaro faci biyu, na jawo su.

"Ba wani abin tsoro ba ne. Kawo hannunka ka ji, kamar kiyashi ne kawai."

Na miƙa facin wajen damtsensa.

Ban taɓa ganin mutum mai tsawonsa ya yi baya da irin wannan saurin ba. Ya ture kujera, ya bugi bango, hoton Baba na ƙuruciya ya karkace. Ya ɗaga hannuwa biyu.

"Kada ki taɓa ni da ita."

Mai taya ko ba komai ya yi mini addu'a kafin ya gudu. Na tsaya da faci a hannu, gashin bayan Baba a jikin facin, hawaye suka cika mini ido. Goggo ta ce, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji, "Na faɗa."

Dogo ya dube ni, ya dubi Baba. "Baba, a gafarce ni, zan yi rashin kunya a falonka."

Ya kai hannu wuyansa ya ɓalle maɓalli na farko, ya ɓalle na biyu, ya ja rigar gefe. A ƙasan ƙashin wuyansa ta hagu akwai wani ɗan tabo a miƙe, a ƙarƙashinsa fatar ta ɗan taso kamar an ɓoye murfin kwalba.

"Batirin zuciya ne," ya ce. "Bugun nawa yana yin ƙasa, na taɓa faɗuwa a shago. Shi ya raba ni da walda. Shi nake zuwa dubawa ranakun da nake ɓacewa."

Muryar likitar nan ta dawo mini tar: ko da wasa. Ban san lokacin da na yi jifa da Kiyashi ba. Baba ya cafe ta a sama, da bayan nasa da komai.

"A hankali mana," ya ce. "Ita me ta yi?"

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" na tambayi Dogo. Kun ji ƙarfin hali.

"Mamata ta sa na yi alkawari. Ta ce ba mai ba da 'yarsa ga wanda..." Ya dubi Goggo, ya haɗiye sauran. "Ta ce a bari sai an ɗaura."

Baba ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango. Ni ma na fara, hawaye yana zuba, Dogo yana tasa marar sauti, kafaɗunsa suna rawa.

"Ka zo kana yi mini wa'azin gaskiya," na ce, "da riga a rufe har wuya."

"Na yi niyyar in kin faɗi taki in faɗi tawa."

"Ni na ɗauka wata fara kake zuwa dubawa."

"Ni na ɗauka wani ne mai mota." Ya gyara hoton Baba. "Zama kusa da ke ba matsala, a jikina ne ba a sawa. Amma zan ƙara tambayar likitana, don na ga gidan nan kowa da layinsa."

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Goggo ta tattara zarenta, ta ce, "Auta, zo ki ɗauko tsumma."

Na bi ta kicin. Ta tura ƙofa, ta rage murya. Umma tana tsaye wajen tukunya, ta ji komai.

"Maganar nan a sake tunani," in ji Goggo.

"Wace magana?"

"Zuciya fa aka ce. Ba gwiwa ba, ba ƙugu ba. Mu ɗauki 'yarmu lafiyayya mu ba mutumin da yake aiki da batir? Kuma ki duba rashin gaskiya, su ɓoye mana abu irin wannan."

Na dube ta. Ɗankwalin da ta naɗe ni da shi yana hannunta.

"Goggo, wace 'yar taku ce lafiyayya?"

"Ke naki ai ɗan ciwon ƙafa ne."

"Ɗazu kika ce ba mai ɗaukata."

Na ga idonta ya yi ja, sai na tuna yadda mijinta ya tafi, yana zaune yana shan shayi, ba sallama. Ba mugunta ce take damun Goggo ba, tsoro ne, kuma ni ma da na ga tabon nan sai da na tsorata. Na kama hannunta.

"Na ji tsoron, Goggo. Amma shi ya ga tawa bai fita ba. Ni ma ba zan fita ba."

Umma ta miƙo mini tsumma, ta ce, "Je ki, shayi yana bin ƙafar baƙo."

Da na raka shi bakin ƙofa, rana ta yi sanyi, yara suna ƙwallo a layi, mai gyaran takalmi yana tattara kayansa. Dogo ya bar maɓallin sama a buɗe. Ya ce gobe mamarsa tana son ganina, ta daɗe tana tambaya.

"Me ka gaya mata a kaina?"

Ya sosa ƙeya. "Ta ce tunda ni ga yadda nake, lallai in samo mai ƙoshin lafiya, wadda ko ciwon kai ba ta yi. Na ce mata na samu."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ya rage naki. In kin ce a yi shiru, zan yi."

Na koma ciki na tarar da Baba ya riga ya kwanta rub da ciki a doguwar kujera, Kiyashi tana dukansa. Na jira ya gama, na karɓe ta, na mayar da ita salona, na buɗe sababbin faci na ɓoye su inda ba zai gani ba. Na fito da rigar da zan sa gobe, shuɗiya mai ɗamara a waje. Goggo tana tsaye a ƙofar ɗakina tana kallo. Na saƙala Kiyashi a gaban ɗamarar, inda duk mai ido zai gani, na ɗauki hoto na tura masa.

Amsar ta zo nan take. "A waje?"

"A waje," na rubuta, ina faɗa a fili don Goggo ta ji. "Ka ce wa Mama mu biyu za mu zo, ni da Kiyashi."

Goggo ta daɗe tana kallon rigar. Sannan ta ja tsaki, ta juya, ta ce daga bakin ƙofa, "Mu uku. Ki sa ta a caji. Matar da ta iya ɓoye zuciya guda, ba zan bar ki ki shiga falonta ke kaɗai ba."